Iddar da Ta Tsallaka Shekara

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Doha ya san motar Dakta Rahmatu Haladu, kuma ba don kyanta ba. Wata tsohuwar farar mota ce da rana ta gama cinye mata fenti, ƙofar baya ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta ciki. In aka yi suna ko walima ta faka ta a tsakanin manyan motocin injiniyoyin gas, sai ka ɗauka mai kawo abinci ce ta iso. Matan kuwa ba sa raga mata. "Dakta, wai sai yaushe za a yi wa tsohuwar nan ritaya?" Sai ta yi ɗan murmushinta na gajiya, ta ce ai tana kai ta inda za ta, ta nemi wuri ta zauna ta cire takalmi. Ko'ina ta zauna sai ta cire takalmi, don ƙafafunta sun daɗe da gajiya da ita.

Likitar sa barci ce, wato ita ke kwantar da majinyaci kafin a yi masa tiyata, ta tsaya a kansa tana lura da numfashinsa har a gama. Aiki ne mai albashi, ba wanda bai san haka ba. Shi ya sa aka yi ta lissafi a bayan idonta. Ba miji, ba ɗa, ba gwal a wuya, gida ɗan ƙuƙut a unguwar Najma, to ina kuɗin ke zuwa? Wasu suka ce bene take ginawa a Abuja a ɓoye. Wasu suka ce rowa ce kawai, irin wadda ake haihuwar mutum da ita. Ba wanda ya canka, kuma ban ga laifinsu ba, don abin ba irin wanda hankalin Bahaushe zai kawo ba ne. Duk farkon wata, kafin ta sayi ko gishiri, Rahmatu takan yanki babban kaso na albashinta ta tura wa mutumin da ya sake ta. Kotu ce ta ɗora mata. Sannan duk shekara gwamnatin Amurka ta zo ta karɓi haraji a kan kuɗin nan, kamar suna nan kwance a jakarta.

Da duniya duka za ta ji wannan, da ta daure. Mutum ɗaya ne ta ƙudurta ba zai ji ba: mahaifinta, Malam Haladu, limamin wani masallacin unguwa a Tudun Wadan Zariya. Kuma ɓoyon nan shi ke cinye mata abin da ta fi so a duniya, domin a ganin Malam, 'yar da ya fi ji da ita ta je ƙasar masu kuɗi ta juya wa gida baya.

Ga yadda aka yi. Garzali ɗan aminin Malam ne, layinsu ɗaya da su Rahmatu. Ba wanda ya yi mata dole, ita ta ce shi take so tun tana karatun likita. Ya ci bizar ƙuri'a ta Amurka, ya ɗauke ta suka tafi. A faɗi gaskiya, ya yi mata ƙoƙari da farko. Tasi ya yi ta ja cikin sanyi da ƙanƙara, ita kuma tana gida tana fama da littattafai don jarrabawar da ake yi wa likitocin waje. Da ta ci, ta samu aiki, sai abin ya juye. Bayansa ya fara ciwo, ya rage fita, ya zo ya daina gaba ɗaya. Ta fita da duku-duku ta bar shi a kujera, ta dawo ta tarar da shi a kujerar, sai dai tashar talabijin ta canza. Allah bai ba su haihuwa ba, kowa na zargin ɗan'uwansa a zuci. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har wata rana wajen ƙarshen 2018, kan wata magana da ba ta taka kara ta karya ba, ya ce ya sake ta. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga kicin ta wanke kwanonin da ya ɓata, don ba ta san me kuma za ta yi da hannunta ba.

Sai dai a can baki ba ya raba aure, sai takarda. Garzali ya ɗauki lauya, ita ma ta ɗauka. Lauyarta, wata doguwar mata baƙar fata wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta zaunar da ita ta yi mata dalla-dalla. Auren ya daɗe, mijin ba shi da aiki, kuma shi ya riƙe gidan lokacin da take karatu. Ko ta so ko ta ƙi, za ta riƙa ba shi kuɗin ciyarwa na wasu shekaru, sai fa in ya sake aure kafin nan. Wannan ba makawa. Abin da ya rage a hannunta shi ne lokaci. A dokar da ake kai a sannan, mai biya yakan cire kuɗin daga abin da za a yi masa haraji a kai, mai karɓa shi ke biyan harajinsu. Amma an riga an canza dokar, kuma sabuwar za ta hau kan duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu bayan ƙarshen Disamba: mai biya ya biya, ya kuma biya haraji a kan abin da ya bayar, mai karɓa ya karɓi abinsa fes.

"Ki sa hannu kafin shekara ta ƙare," in ji lauyar. "In kika bari ta juya kin faɗa sabuwa, kuma ba a komawa."

Da wata ce, a ranar za ta sa hannu. Rahmatu kuwa ta ce sai ta shawarci babanta. Lauyar ta cire tabarau ta ƙare mata kallo, mace ta ba arba'in baya, likita guda, ta ce shi baban naki lauya ne? Ta ce a'a, babana ne.

Haka ta taso. Makarantar da ta yi, Malam ne ya zaɓa. Ranar da za a tashi tafiya, shi ke sawa. Har a Amurka, ko mota za ta saya sai ta ji ta bakinsa, ya yi ta faɗa a waya ya ce kar ta kuskura ta sayi baƙa. Takan yi mita, amma a ƙasar da ba mai tambayarka ko ka ci abinci, faɗan nan shi ne abin da ke riƙe da ita. Ta kira shi, ta ce akwai takardar rabuwa, lauya ta ce ta sa hannu kafin ƙarshen wata saboda wata maganar haraji.

"Saki nawa ya yi miki?" in ji Malam.

"Ɗaya, Baba."

"Kin gama idda?"

"A'a, sai cikin watan gobe."

"To ina gaggawar? Yana da damar ya mai da ke har ki gama. Ke kuma za ki je ki sa hannu a takardar Nasara ki toshe hanya? Ana maganar aure kina maganar haraji, Rahmatu? Ki dakata. In idda ta cika bai mai da ke ba, ki sa hannu da albarkata."

Ta buɗe baki za ta ce, Baba, ni ce fa zan riƙa ciyar da shi. Sai ta fasa. Da wane baki za ta gaya wa limami cewa ɗan amininsa ya ɗauki lauya don mace ta ci da shi? A ranar Malam zai ɗauki sanda ya nufi gidan su Garzali, zumuncin da ya girme ta ya watse, Tudun Wada ta samu abin taunawa. Ta ce, "To, Baba." Garzali bai mai da ita ba, bai ma yi niyya ba. Lauyansa kuwa ko sau ɗaya bai matsa ba, ya san wanda jinkirin zai yi wa rana. Idda ta cika, shekara ta riga ta juya, aka sa hannu.

Shekarar farko ta ji jiki. Ga kuɗin Garzali, ga na lauya, ga gidan da aka sayar a faɗuwa don a raba, ga haraji ya zo ya zauna a kan duka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Juma'a, ta hango shi a harabar masallaci cikin sabuwar shadda yana gaisawa da mutane, Hausawan garin kuma kowa ya san wa ya ɗinka. Da aka yi mata tayin aiki a Doha ba ta tsaya dogon tunani ba, ta dai kira Malam, ya ce ta je, ai kusa da Makka ne. Albashin bai kai na can ba, amma an ce mata a Katar ba a taɓa albashin mutum da sunan haraji. Ta sauka a farkon 2020 da akwati biyu.

Gaskiya aka gaya mata, sai dai ba a ƙarasa ba. Katar ba ta taɓa albashi, amma Rahmatu fasfon Amurka ke hannunta, kuma Amurka na bin mai fasfonta duk inda ya je neman abinci. Za ta yafe masa wani kaso, abin da ya haura ta sa hannu ta yanka. Wani akanta ɗan Indiya, mai ofis a saman wani dogon bene a unguwar West Bay, shi ya karanta mata wannan. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi. Duk shekara sai ta sake tambayarsa ko za a iya cire kuɗin Garzali daga lissafi, ba don ta manta amsar ba, sai don ko Allah zai sa a ce an sake doka. Shi kuma duk shekara sai ya tambaye ta yaushe aka sa hannu, ta faɗa, ya kaɗa kai ya ce, ayya Dakta, da makonni kaɗan kika makara.

Ko gari ba ta gama sani ba korona ta sauka. Aka kwaso ta daga ɗakin tiyata aka kai ta inda ake ajiye waɗanda numfashi ya gagara, don zura bututu a maƙogwaron mutum aikinta ne. Ana ta kawo su daga Sanaiya, unguwar leburori da makanikai, maza majiya ƙarfi 'yan Nepal da Bangaladash da Kenya, kowa idonsa a waje, kowa na neman a miƙo masa wayarsa kafin a kwantar da shi. Takunkumi ya yi mata shaida a karan hanci wadda har yau ba ta gama ɓacewa ba. Abincinta ya koma shayin madara da suke kira karak da biskit, a tsaye, a bayan ƙofa. In ta koma gida sai ta tuɓe a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta rama sallolin da suka kuɓuce mata a zaune, don tsayuwa ta ƙi. An riƙa ba su ƙarin kuɗi saboda yawan aikin, har ta ɗan ji sanyi a ranta. Da ta kai wa akanta lissafi ya nuna mata cewa ƙarin ma akwai rabon Amurka a ciki, sai ta yi dariya, irin dariyar da ba ta da maraba da kuka.

Gida kuwa suna can suna nasu lissafin. Ƙanenta Umar Faruq shi ne mai aiko saƙon murya, dogo, ya fara da gaisuwa ya ƙare da bukata. Rufin masallaci na yoyo. Shagonsa ya karye a lokacin kullen korona. Kuɗin makarantar yara. Kuɗin maganin Malam da na cefane ba ta taɓa fashi ba, sauran kuwa sai ta ce a ɗan ƙara haƙuri. "Yaya, wallahi mutane na magana," in ji shi. "Ɗan gidan Alhaji Moro gadi kawai yake yi a nan Doha, ya kai uwarsa Umra." Ta ce Allah ya ƙara masa buɗi.

Malam bai taɓa roƙonta komai ba, ba halinsa ba ne. Amma hirar da sukan yi duk Juma'a bayan ya sauko daga masallaci ta fara canza launi. Faɗan yana nan, sai dai babu wasan da ke cikinsa a da. "Na ji an ce ku a can ba a cire muku ko sisi," ya ce mata wata rana. "Ni ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma ƙannenki na kallonki, ki ji tsoron Allah." Ta ce to, Baba. Da aka buɗe hanyar jirage ya ce ta zo gida ya gan ta. Ta ce ba a ba su hutu ba. Aka ba su hutu, ta ce ba wanda zai riƙe mata aiki. Ƙarya take yi, kuma ƙaryar na cin ta. Ta san mahaifinta: a waya za ta iya ruɗe shi, amma in ta zauna a gabansa ya ɗago kai ya dube ta, kafin shayi ya huce ya gama karanta ta. Tana son ganinsa kamar ta yi hauka, tana kuma tsoron ganin nasa.

A haka aka shigo shekarar ƙwallon duniya. Doha ta rikice. Aka lulluɓe benayen West Bay da hotunan 'yan wasa, aka toshe hanyoyin da ta saba bi, mai gidanta ya ƙara haya ba ko kunya. Najeriya ba ta samu zuwa ba, Ghana ta tare mata hanya, don haka Rahmatu ta ɗauka ba abin da ya haɗa ta da bikin sai ƙarin aiki. Wata ranar hutunta da la'asar ta shiga kasuwar Souq Waqif sayen kayan yaji. Kasuwar ta cika ta batse, 'yan Maroko na ta kiɗa da tsalle, masu turin baro na ta cewa yalla, yalla, a ba su hanya. A bakin wani shagon shayi ta hango Abdulbaƙi, wani direba ɗan unguwarsu, magidanci mai furfura a gemu, wanda yakan kawo mata kuka da daddawa in wani ya zo daga gida. Kullum in ya gan ta da fara'a yake tasowa. Ranar kuwa ya miƙe a daburce, har shayi ya zube masa a riga.

"Anti Dakta, ke ce a nan? Ai baƙi na kawo, yanzu za mu wuce."

Ba ta kai ga tambayar waɗanne baƙi ba, sai ga su sun fito daga shagon turare. Najeriya ba ta zo ba, amma Garzali ya zo. Ya yi ƙiba, ya yi fes, ya yafa gyalen 'yan kallo a kafaɗa. Mutumin da ciwon baya ya hana jan tasi, ga shi ya ɗora yaro a wuya yana yi masa sukuwa. Yaron ya isa tafiya, har takalmi gare shi. A gefensu wata matashiya ce mai hankali a fuska, ɗauke da ledoji. Ita ta fara gane Rahmatu. Ta ajiye ledojin, ta rusuna a tsakiyar kasuwa.

"Anti, ina wuni? Ni ce Haulat. Na san ki a hoto, a ɗakin Baba Malam. Ai shi ya ɗaura mana aure lokacin kulle, a zaurensa, mutane kaɗan, shi ma wannan wakili aka yi masa. Kullum na je gaishe shi sai ya yi zancenki."

Yarinyar ba da mugunta ta faɗa ba, ko makaho ya ji muryarta ya san haka. Ba ta san komai ba. Garzali ne ya sani, shi ya sa fuskarsa ta yi kamar an watsa masa ruwan wanki. Ya sauke yaron, ya matso, ya rage murya.

"Dakta, kar ki yi saurin fushi. Auren gida ne, ba a rubuta shi a can ba. Kuma kin san dai wahalar da na sha a kanki."

"Na sani," in ji ta. Ta sunkuya ta shafa kan yaron, ta ce Allah ya raya, ta ce wa Haulat ta tashi haka nan, ƙasa da datti. Ta juya ta bi ta cikin masu kiɗa har ta kai mota. Sai da ta zauna ta ga ba ta sayi yajin ba. Ta daɗe a zaune, ba kuka take ba, ta dai rasa ƙarfin murɗa makulli.

Washegari ta nemo tsohuwar lauyarta a waya. Matar ta ji labari ta ce auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi aure ne, ko an rubuta a Amurka ko ba a rubuta ba, kuma yarjejeniyarsu ta ce in ya yi aure biya ya tsaya. Sai dai alƙali zai nemi shaida. Tunda babu takardar aure, kuma dangin mijin ba za su buɗe baki ba, abin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya ɗaura auren ya yi rantsuwa a rubuce. "Kin san ko waye?" Rahmatu ta ce ta sani, babanta ne.

Ta yi kwanaki tana juya abin, tana aiki kamar inji. Ta yi shiru ta ci gaba da biya har shekarun su ƙare, ta zauna a matsayin marowaciyar da ta manta gida? Ko ta faɗa, ta ɗora wa tsoho abin da ta yi shekaru tana kare shi daga gare shi? Ta yanke za ta yi shiru. Ta ma saba. Amma da Juma'a ta zo, Malam ya ɗauki waya, muryarsa ta fito a raunane, ba faɗa a cikinta.

"Rahmatu, na tsufa. Na yi ta tunani ban gano abin da na yi miki ba da kika ƙi zuwa. In laifi ne, ki faɗa mini tun ina da rai. In kuma dukiya ce ta shiga tsakanina da ke, to Allah ya shirye ki."

Faɗa ta iya ɗauka, wannan ne ba ta iya ba. Ta ce, "Baba, na ga Garzali da iyalinsa a kasuwa."

Ya yi salati a hankali. Ya ce shi ya hana kowa ya gaya mata, don kar ranta ya ɓaci tana ƙasar mutane ita kaɗai. Uban Garzali, amininsa, ya rasu, dangi suka zo suka roƙe shi, ya ga in ya ƙi za a ce yana riƙe da abu a zuci. "Ashe wannan ne ya hana ki zuwa?"

"A'a, Baba. Ban sani ba sai makon nan." Daga nan ta faɗa masa. Ta faɗi kotu, ta faɗi kuɗin wata-wata, ta faɗi sharaɗin aure da abin da lauya ke nema. Maganar haraji kaɗai ta tsallake, ta bi ta gefenta a hankali kamar mai tsallake kwata.

Malam ya fusata, fushin da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ya kira sunan Garzali haɗe da na ubansa. Ya ce da hannunsa ya karɓi sadakin, a aljihunsa ya sa kafin ya miƙa wa waliyyi, ashe gumin 'yarsa ya ƙirga. Ya ce gobe-goben nan Umar Faruq zai kai shi kotu ya rantse, ko a gaban wa ake so. Ya ce, "Kai, Rahmatu, kai. Ni ina nan ina yi miki wa'azin rowa." Tana jin haka hawaye suka zubo mata, na daɗi, don ta daɗe ba ta ji ya kira sunanta da wannan murya ba. Da a nan wayar ta katse, da an gama lafiya.

Amma Malam ba ya mantuwa. Tana jiyo awaki a tsakar gida, sai ya ce, "Tsaya. Lokacin da kika kira ni kina idda, kin ce akwai maganar haraji. Wane haraji ne?"

"Ya wuce, Baba."

"Tambayarki na yi."

Tunda take ba ta taɓa ƙin amsa masa tambaya ba, kuma ranar ba ta san yadda ake farawa ba. Ta yi masa bayanin tsohuwar doka da sabuwa, a gajarce, tana rage wa abin nauyi iya yinta. Bai bari ta rage ba.

"Da kin sa hannu a lokacin da matar ta ce, wa zai biya harajin?"

"Shi, Baba."

"Da kika bi maganata fa?"

"Ni."

"Tun daga sannan?"

"Tun daga sannan."

"In an gama shari'ar za su mayar miki?"

"Na harajin kam a'a, Baba."

Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ce lokacin la'asar ya gabato.

Ya cika alkawari. Ya je ya rantse, takarda ta iso, aka kwashe watanni ana kai da kawo, har an daɗe da kwance hotunan 'yan ƙwallo daga jikin benaye kafin alƙalin can ya tsai da biyan. Farkon watan da albashinta ya kwana cikakke a hannunta, Rahmatu ta tura gida da yawa, na rufin masallaci da na shago da na Malam daban. Na masallaci da na shago aka karɓa. Na Malam ya dawo. Umar Faruq ya aiko saƙo, wannan karon gajere, muryarsa cike da kunya: Malam ya ce a mayar, ya ce na magani ma daga yau 'yan'uwa maza su ɗauka, wai ya ci nata ya isa. Ta sake turawa, ya sake dawowa.

Hirar Juma'a kuwa ta yi tsawo. Yanzu har shi ke fara kira. Ya tambayi ƙafafunta, ya tambayi ko ta ci abinci, ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. A unguwa, in ji Umar Faruq, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin haƙurin Rahmatu. Sunanta ya wanku tas. Sai da aka ɗan jima ta lura da abin da ya ɓace. Ta ce masa za ta canza mota, ya ce madalla, bai tambayi launi ba. Ta ce tana tunanin Umra a Ramadan ko ta bari sai bayan Salla, ya ce duk wanda ta zaɓa alheri ne.

Da kwantiraginta ya zo ƙarewa, asibiti suka ce ta faɗa musu ko za ta sabunta. Ta gaji da Doha, ta gaji da tsayuwa, amma ba ta san ko akwai abin da za ta koma ta yi a gida ba. Ta kira shi.

"Baba, in sabunta ne, ko in tattara in dawo?"

"Yadda kika gani, Rahmatu."

"Baba, kai nake tambaya. In ka ce in dawo, wallahi gobe zan fara haɗa kaya."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa ba zan ce ba. Na daina sa baki a al'amarinki. Na sa, ke kika biya, kuma ko a fuska ba ki nuna mini ba. Kin fi ni sanin duniyar da kike ciki."

Ta roƙe shi. Ta ce ita ta ɓoye masa gaskiya tun farko, da ya sani da ba haka zai ce ba. Ya ce haka ne, amma shi ma bai tsaya ya tambaya ba. Daga nan ya shiga yi mata addu'a, doguwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa amin, tana jira ko a ƙarshe zai manta ya ce mata ta yi kaza. Bai manta ba.